Shafuka sun cika burauza har ba ka ganin sunayensu? Tambayoyi da amsoshi daga wani shago a Aboabo

Shagona yana Aboabo, nan Kumasi. Aikinmu buga takardu, fotokwafi, cike fom a intanet, da gyaran laftof idan matsalar ba ta kai ga kwance inji ba. A cikin masu kawo laftof, kukan da na fi ji shi ne, "Malam, ta yi nauyi." Sau da yawa kafin in taɓa komai na riga na ga ciwon. Ana ɗaga murfi sai ka ga saman burauza cike da shafuka a jere, sun matsu har sunayensu sun ɓace, kamar haƙoran matsefi. Su ne ake kira tab, amma a nan zan riƙa ce musu shafuka. Na tara tambayoyin da aka fi yi mini a kansu, wasu a bakin shago, wasu ta waya, na amsa yadda nake amsawa idan mutum yana zaune a benci yana jiran aikinsa.

Malam, kar ka ja mu da nisa, wace burauza ce ta fi iya tsara shafuka?

In kayan aiki ake ƙirgawa, Vivaldi ce, kuma ita ce a kan tawa kwamfutar. Amma mutane ƙalilan nake ɗora wa ita, domin yawan kayan aiki ba shi ne buƙatar kowa ba.

Ga yadda nake rabawa. Wanda laftof ɗinsa mai Windows ce kuma ba ta da ƙarfi, ya fara gwada Edge, tunda tana ciki tun asali, ba sai ya kashe data wajen saukewa ba. Wanda yake riƙe da asusu biyu ko uku a wuri guda, misali WhatsApp na kasuwa da na gida, Firefox ce tasa. Ɗalibi mai rubutun kammala digiri, ko duk wanda aikinsa karatu ne da kwatanta takardu, shi ne na Vivaldi. Mai MacBook da iPhone, Safari ta ishe shi, tana da rukunin shafuka tun 2021. Wanda kuwa harkarsa duk tana cikin Gmail da Google Drive, ya zauna a Chrome ɗinsa ya koyi abubuwa uku da zan faɗa nan gaba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Me ya haɗa yawan shafuka da nauyin kwamfuta? Ai guda ɗaya nake kallo.

Shafin da ka buɗe ka manta da shi yana nan da ransa. Yana karɓo saƙo, yana sauya talla, wani ma bidiyo yake ja a ɓoye. Tun da kamfanin Google ya fito da Chrome a 2008 aka tsara ta yadda shafuka za su riƙa gudana a ware, don idan ɗaya ya sandare kada ya ja sauran su faɗi tare. Dabara ce mai kyau, sai dai da RAM ake biyan kuɗinta.

RAM kamar teburin gaban shago ne, faifan ajiya kuma sito. Komai girman sitonka, kayan da za ka iya bajewa a lokaci guda iyakar teburinka ne. Laftof na hannu, waɗanda ake kira hom-yus da muke saya a PZ ta Adum, da yawa da RAM gigabait 4 ko 8 suke zuwa, kuma Windows kanta takan cinye rabo mai tsoka kafin ka buɗe komai. Idan tebur ya cika, sai kwamfuta ta fara kai kaya sito tana dawo da su. Wannan kai-kawon shi ne nauyin da kake ji, kuma ya fi muni idan tsohon faifai ne mai juyawa ba SSD ba.

In kana son kama ɓarawon da hannunka, a Chrome ko Edge danna Shift da Esc tare. Wani ɗan allo zai fito ya jera kowane shafi da abin da yake ci. Sau da yawa za ka tarar biyu ko uku ne suka danne sauran, galibi na bidiyo, ko Facebook, ko shafin ƙwallo mai tallace-tallace ta kowace kusurwa.

Akwai abin da ya kamata a sani tun kafin a fara tsalle daga wannan zuwa waccan. Chrome da Edge da Opera da Brave da Vivaldi duk inji ɗaya ne a cikinsu, wanda ake kira Chromium. Edge ta koma kansa a Janairun 2020. Makanikan mota na Suame Magazine za su fi saurin ganewa: inji guda, bodi daban-daban. Firefox ce mai nata injin, Gecko, sai Safari mai WebKit. Saboda haka shafi mai nauyi a Chrome ba zai zama fallen takarda ba don ka buɗe shi a Opera. Bambancin yana wajen yadda kowacce take sarrafa shafukan da ba a taɓawa, da yadda take jera su a gabanka.

Ni Chrome na saba da ita. Dole sai na bar ta?

Ba dole. Tun 2020 Chrome take da rukunin shafuka, amma har yau akasarin masu zuwa wurina ba su taɓa gwada shi ba. Ka ɗora linzami a kan sunan shafi a can sama, ka danna ɓangaren dama, ka zaɓi inda aka rubuta Add tab to new group. Ka ba rukunin suna da launi, sannan ka jawo 'yan'uwansa ciki. Idan ka danna sunan, rukunin duka zai naɗe ya koma ɗan ƙulli guda. Ka sake dannawa ya warware.

Wani Alhaji mai sayar da kayan mota yakan kawo laftof ɗinsa. Daga ƙasar Sin yake odar kaya, saboda haka kullum a buɗe yake da shafukan sayen kaya na 1688 da Alibaba, da shafin fassara, da na farashin dala, da na bin sawun kwantena har ta iso tashar jirgin ruwa ta Tema, ga WhatsApp, ga wa'azin da yake saurara yana aiki. Muka zauna muka yi rukuni huɗu: Chaina ja, jirgi shuɗi, kuɗi kore, gida rawaya. Da ya ga sun naɗe sai ya yi dariya ya ce, "Yaro, ai wannan huhun goro ne. Fari daban, ja daban." Mahaifinsa fataucin goro ya yi. Daga ranar bai sake cewa in canza masa burauza ba.

Abu na biyu shi ne neman shafi. Danna Ctrl da Shift da A tare, ka rubuta kalma ɗaya daga sunan abin da kake nema, zai fito ko da yana wata taga daban. Wannan yana aiki a Edge ma. Na uku, shafukan da ba ka rabuwa da su, kamar imel, ka kafe su ta hanyar zaɓar Pin. Za su ƙanƙance su koma can hagu, ba sa motsi, kuma ba ka rufe su bisa kuskure.

Ina jin ana cewa rukuni, ana cewa Workspaces, ana cewa furofayil. Ba abu ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma nan ne aka fi yin ɓata. Duk wanda ya gane wannan ya gama rabin zaɓensa.

Rukuni kamar kantar jera kaya ne a cikin shago. Kaya suna jere, kana ganin duka, an dai ware su ne. Chrome da Edge da Brave duk suna da shi, Firefox ma ta samu a 2025. Na Safari kuwa ya fi kama da Workspaces.

Workspaces kuwa ɗakuna ne a gida ɗaya. Idan ka shiga ɗakin kasuwa, shafukan kasuwa kaɗai za ka gani, na makaranta sun ɓuya sai ka koma ɗakinsu. Opera ta kawo shi a 2020, Vivaldi a 2023. Amfaninsa ga hankali ne: idan kana lissafin kuɗi, ba ka ganin shafin ƙwallo yana yi maka ƙyafce. Amma a lura, a Opera da Vivaldi duk ɗakunan mabuɗi ɗaya ne. Idan ka shiga Gmail da asusun kasuwa a wannan ɗaki, shi ɗin dai za ka tarar a wancan.

Furofayil shi ne gida daban da mabuɗinsa. Kowanne da nasa kalmomin sirri, da tarihin bincike, da alamomin shafi, da asusun da aka shiga. Yana buɗewa a taga daban. Ma'aikacin da ke amfani da laftof ɗaya a ofis da gida, wannan yake buƙata.

Akwai na huɗu, wanda Firefox ta yi suna da shi, wato Multi-Account Containers. 'Yar manhaja ce ta kamfanin Mozilla da ake maƙala wa Firefox. Da ita shafuka suna zaune a taga ɗaya kafaɗa da kafaɗa, amma kowane launi da nasa mabuɗin. Shafin da ke cikin shuɗi bai san wa ya shiga a kore ba.

To tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: tarkace ne ya yi mini yawa a ido, ko kuwa mutum biyu ne nake zama a kwamfuta ɗaya? Na farko rukuni ko Workspaces. Na biyu furofayil ko Containers.

Ɗana, lamba biyu nake da ita, ta atamfa da ta gida. Zan iya buɗe WhatsApp ɗinsu duka a laftof?

Za ki iya, Hajiya. A taga ɗaya ta Chrome lamba ɗaya kawai WhatsApp Web yake karɓa, ko shafi nawa kika buɗe. Hanya mafi sauƙi ita ce Firefox da Containers: ki buɗe ɗaya ki sa masa sunan kasuwa, kamar Kejetia, ɗaya kuma Gida, ki haɗa kowanne da lambarsa sau ɗaya, shi ke nan. In ba kya son barin Chrome, ki yi furofayil biyu, ki ba kowanne launi daban ƙwarai, don kada ki tura wa kwastoma hoton suna a madadin hoton leshi.

Mene ne amfanin mayar da shafuka gefe, su jeru daga sama zuwa ƙasa?

Fuskar laftof faɗi take da shi, tsawo ne ba ta da shi. Yawancin shafukan intanet kuwa rubutunsu a tsakiya yake, gefe da gefe fili ne a banza. Idan ka mayar da jerin gefe, kowane shafi yana da layinsa da sunansa cikakke, ko 40 ne, sai dai ka gangara. A jerin sama kuwa, suna ƙaruwa suna ƙanƙancewa har su koma haƙoran matsefin da na faɗa.

Edge ta kawo wannan a 2021, Brave a 2023, Firefox a Maris 2025. Vivaldi da shi ta taso, har ma tana bari ka sa jerin a dama ko a ƙasa. Kwana biyu na farko hannu zai riƙa zuwa sama da kansa, bayan haka ya saba. Amma wanda shafukansa ba sa wuce takwas, ban ga abin da zai ƙaru da shi ba, musamman a ƙaramar laftof mai inci 11 ko 12.

RAM ɗina gigabait 4 ne kuma ba ni da halin ƙarawa yanzu. Ya zan yi?

Ka kunna barcin shafuka. A Edge ana kiransa Sleeping tabs, ya zo a 2021. Shafin da ka daɗe ba ka taɓa ba sai a daskarar da shi, launinsa ya dushe, ya daina cin batir da ƙarfin inji, kuma kai ne za ka saita bayan minti ko awa nawa. A Chrome sunansa Memory Saver, yana cikin saiti a ƙarƙashin Performance, ya bazu a farkon 2023.

Akwai ɗan bambanci da ya shafi aljihu. Chrome takan sauke shafin gaba ɗaya daga RAM, idan ka dawo sai ya sake lodi daga intanet. Edge kuwa galibi daskarewa take yi, ka taɓa ya farka daga inda yake, sai fa in RAM ya ƙure sosai. Ga mai aiki da bandil ɗin waya, ko na MTN ne ko Telecel, sake lodi data ce. Wannan na cikin dalilan da nake tura masu ƙaramar laftof wajen Edge.

Abin kiyayewa ɗaya: duka biyun suna da wurin da za ka rubuta shafukan da ba ka yarda su yi barci ba. Sa WhatsApp Web a ciki, da duk shafin da kake cike dogon fom, kamar na fasfo ko na neman makaranta. Burauzar takan yi ƙoƙarin ƙyale fom da aka fara cikewa, amma ni ba na jingina aikin kwastoma da ƙoƙarinta.

Idan hali ya samu, a ƙara RAM zuwa 8, a sa SSD. Babu saitin da ya kai wannan.

Yaya, ina Tek, wato jami'ar KNUST, ina rubuta furojet, takardu sun fi 50 a buɗe. Vivaldi ɗin da kake yabo, me za ta yi mini?

Ƙanena, kai ne irin wanda aka yi ta dominsa. Wanda ya kafa kamfanin, Jon von Tetzchner, yana cikin mutum biyu da suka kafa Opera a ƙasar Norwe. Ya bar can a 2011, ya fito da Vivaldi ta farko cikakkiya a 2016, da niyyar yi wa masu aiki mai yawa burauza.

Abu na farko, tara shafuka a kan juna. Ka ja shafi ka ɗora a kan wani, su zama tuli guda mai suna. Idan ka shiga tulin, layi na biyu zai buɗe a ƙarƙashin na farko yana nuna abin da ke ciki kaɗai. Babi na ɗaya tuli, babi na biyu tuli. Na biyu, raba allo: ka zaɓi shafuka biyu ko uku ko huɗu ka shimfiɗa su gefe da gefe, takardar da kake karantawa a hagu, inda kake rubutu a dama. Edge ma tana raba allo biyu, amma ta Vivaldi ta fi sakewa. Na uku, za ka iya ajiye zaman aiki gaba ɗaya da suna, ka rufe komai, bayan wata guda ka buɗe ya dawo yadda ka bar shi. Tana kuma da wurin rubuta 'yan bayanai a gefe, ka zaɓi jimla a shafi ka tura can tare da adireshin inda ka samo ta, abin da zai cece ka ranar da sufabaiza ya ce ina ka ga wannan. Idan ka danna F2 kuma, akwatin nema zai fito, ka rubuta sunan shafi ko umarni.

Aibinta shi ne saitinta ya yi yawa. Mutum zai iya ɓata yini yana gyara launi da wurin maɓallai bai rubuta layi ɗaya ba. Na yi wannan da kaina, shi ya sa nake faɗa. Ka ɗauki tuli da raba allo, ka bar sauran sai bayan ka kare furojet.

Na ga ana ta yabon Arc a YouTube. In sauke?

Ni ba zan ɗora wa kowa ita yau ba. Wani kamfanin Amurka ne mai suna The Browser Company ya yi ta, ta fito ga kowa a Mac a 2023, a Windows a 2024. Ta zo da tunani mai kyau: jeri a gefe, ɗakuna da ta kira Spaces, da kwashe shafukan da ba a kafe ba zuwa ma'ajiya bayan awa 12. Amma a Mayun 2025 kamfanin ya bayyana cewa ya daina ƙara mata sababbin abubuwa, ya mayar da hankali kan wata mai suna Dia. A Satumban shekarar kuma kamfanin Atlassian ya sanar da sayen kamfanin a kan dala miliyan 610. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Bidiyoyin da kake gani da yawa tsofaffi ne. Wanda salon ya burge shi ya duba Zen, wadda aka gina a kan injin Firefox, kyauta ce, kuma kamanninta kusan ɗaya.

Opera da Brave fa?

Opera tana da WhatsApp da Telegram a gefe, kuma tun 2023 tana haɗa shafukan da suka fito daga wuri ɗaya da kanta, abin da ta kira Tab Islands. Matasa suna son ta. Ni dai na ga kayan talla da na labarai sun yi yawa a fuskarta ta farko, sai an zauna an kashe su. Tun 2016 masu zuba jari daga Sin ne suka saye ta, ga wanda wannan ya dama.

Brave ƙarfinta toshe talla ne tun daga cikin gida, abin da ke rage nauyin shafi da cin data. A wajen tsara shafuka tana da rukuni da jerin gefe, ba ta wuce nan da yawa ba.

Gaskiya tsoron rufe shafi nake yi, kar in manta da abin da ke ciki.

Wannan ita ce tambayar da ta fi duka, kuma babu burauzar da za ta amsa maka ita. Duk laftof ɗin da na buɗe na ga tarin shafuka, iri uku nake samu. Akwai na aikin yau, ba sa wuce biyar ko shida. Akwai na kullum, imel da WhatsApp da makamantansu. Sauran duka, wato mafi yawa, "zan karanta" ne: labarin da aka fara, wayar da ake son saya, karatun malamin da aka ce sai an samu natsuwa. Mutum ya mayar da saman burauza littafin bashi, kowane shafi alkawari ne da bai cika ba. In ka koma Vivaldi da wannan hali, tulin alkawura za ka yi masu suna da launi.

Rufe shafi ba ya ɓatar da shi. Ctrl da Shift da T yana dawo da wanda ka rufe yanzu, ka ci gaba da dannawa su ci gaba da dawowa. Ctrl da H yana buɗe tarihi, ka nemi abin da ka gani makon jiya da kalma ɗaya. Ctrl da Shift da D kuwa, a Chrome da Edge da Firefox, yana kwashe duk shafukan da ke buɗe ya zuba su a jaka guda ta alamomi.

Ni ranar Juma'a nake yi. Kafin in rufe shago in tafi masallaci, sai in danna Ctrl da Shift da D, in sa wa jakar kwanan wata, in rufe komai ban da kafaffun. Jakunkunan suna nan jere. In faɗi gaskiya, ba kasafai nake komawa in buɗe ko ɗaya ba.

Wuta ta ɗauke, batirina kuma ya mutu tuntuni. Na kunna, shafukana duk sun tafi.

Dumsor, wato yawan ɗauke wuta, ya koya mana wannan tun ba yau ba. Da farko kar ka yi gaggawar buɗe sababbi. Yawanci burauza takan tambaya ko a dawo da su, ka danna Restore. In ba ta tambaya ba, danna Ctrl da Shift da T, sau da yawa tagar gaba ɗaya take dawowa. In ya ƙi, shiga History ka duba waɗanda aka rufe kwanan nan.

Don gaba, shiga saiti. A Chrome nemi On startup ka zaɓi Continue where you left off. A Firefox akwai akwatin Open previous windows and tabs. Amma ga tarko: in taga biyu kake da ita ka rufe su ɗaya bayan ɗaya, ta ƙarshen kaɗai za ta dawo da kanta. Ka riƙa fita ta Exit da ke cikin menu. Na taɓa rasa aikin yini guda ta wannan hanya, tagar aikin na fara rufewa, na bar wata mai shafi ɗaya tak.

Akwai 'yan manhajojin da ake maƙalawa don tsara shafuka. Suna da kyau?

Wasu suna da amfani. OneTab tana tattara duk shafuka ta mayar da su jerin rubutu a shafi guda. A Firefox akwai Tree Style Tab da Sidebery, masu jera shafi a ƙarƙashin wanda ya haife shi kamar reshen bishiya. Sai dai irin wannan manhaja tana ganin duk inda ka shiga. Akwai wata mai suna The Great Suspender da mutane da yawa suka dogara da ita wajen sa shafuka barci. Mai ita ya sayar, sabon mai ita ya cusa mata abin cutarwa, Google ya cire ta a Fabrairun 2021. Abin da take yi yanzu yana cikin burauza tun daga kamfani. Ƙa'idata: in burauza tana yi da kanta, ba na maƙala komai, musamman a kwamfutar da ake shiga banki da ita.

A waya fa? Tawa maimakon lamba wata fuskar dariya take nunawa.

Kin haura 99 ke nan. Chrome ta Android idan lamba ta ƙare mata sai ta sa alamar dariya. A waya abin bai kai na laftof muni ba, domin waya takan daskarar da na baya da kanta, matsalar nema ce kawai. Chrome ta waya tana da rukuni. Firefox ta Android da Safari ta iPhone suna da saitin rufe tsofaffi da kansu bayan kwana ɗaya, ko mako, ko wata. Ki zaɓi wata ɗaya ki huta.

Opera Mini har yanzu tana da ranarta idan data ta kusa ƙarewa, domin tana matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ya iso wayarki. Sai dai idan an matse sosai wasu fom ba sa aiki daidai, kada ki cike abu mai muhimmanci da ita.

Kwamfuta ɗaya muke amfani da ita a ofishin makarantarmu, mu huɗu. Furofayil ya isa?

Ya isa wajen hana kayanku cakuɗewa, amma ba kwaɗo ba ne. Duk wanda ya zauna a gaban kwamfutar zai iya buɗe furofayil ɗin kowa. In akwai sirri, kamar sakamakon ɗalibai ko lissafin kuɗin makaranta, kowa ya samu nasa asusun Windows da kalmar sirri.

Baƙo kuwa a buɗe masa Guest, ana rufewa komai ya goge. A shago haka muke yi, musamman lokacin da sakamakon BECE da WASSCE ya fito, yara suna layi, kowa ya shiga imel ɗinsa ya tashi bai fita ba.

Tawa Windows 7 ce. Wacce za ta yi?

Chrome da Edge sun tsaya a samfuri na 109 a kan Windows 7 tun farkon 2023, ba sa samun gyaran tsaro. Firefox ma a 115 ta tsaya. Windows 10 kanta Microsoft ya janye tallafinta na yau da kullum a 14 ga Oktoban 2025. Matsalarka ta wuce tsarin shafuka, kawo ta a duba ko za ta ɗauki wani abu sabo.

To na yanke shawara zan canza. Ta ina zan fara, kuma kayana za su biyo ni?

Za su biyo ka, ban da shafukan da ke buɗe, su ba kasafai suke ƙaura ba. Saboda haka kafin komai, a tsohuwar ka danna Ctrl da Shift da D su shiga jaka. Sannan ka sauke sabuwar daga shafin kamfaninta na ainihi, ba daga filashin aboki ba, ba kuma daga tallan da ya faɗo maka ba. Tana buɗewa za ta tambaya ko ta ɗauko alamomi da kalmomin sirri da tarihi daga tsohuwar, ka ce e. Jakar nan za ta zo tare da su.

Kar ka goge tsohuwar. Ka yi mako biyu kana ainihin aikinka a sabuwar, ita kaɗai, domin taura biyu ba ta taunuwa, in kana leƙa nan kana leƙa can ba za ka san wadda ta fi maka ba. A cikin makonnin ka gwada wuraren da ba ka iya yi sai da su: shafin bankinka, shafin makaranta ko na kwastan, firinta, da kiran bidiyo. Wani shafin hukuma da Chrome kawai aka gwada shi, yakan yi gardama a Firefox, shi ya sa ko ni na bar Chrome a gefe saboda irin wannan rana.

In tana da asusun haɗa na'urori, ka buɗe, don waya da laftof su riƙa ganin shafukan juna, ka kuma rubuta kalmar sirrin a takarda ka adana. A Firefox da Vivaldi bayanan a kulle suke ta yadda kamfanin kansa ba ya iya buɗe maka su in ka manta. Sai bayan mako biyun, in ka ga hannunka ya daina neman tsohuwar, ka shiga saitin Windows wajen Default apps ka mayar da sabuwar ita ce mai buɗe duk adireshin da ka danna.